Wata tara da yi min aikin ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya: na daina faɗuwa, amma na rasa gane kaina

Bashir_Tela: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci min tuwo a ƙwarya. Ni tela ne a Tudun Wadar Kaduna, shekarata 31. Tun ina ɗan shekara 13 nake fama da farfaɗiya. Babu inda ba a kai ni ba: masu ruƙiyya, masu hayaƙi, wani tsoho can wani ƙauye bayan Soba, sai daga baya asibiti. Na sha Tegretol, aka ƙara min Epilim, aka koma Keppra, duk da haka a wata sai in faɗi sau uku, sau huɗu. Da aka ɗauki hoton MRI sai aka ga tabo a ƙwaƙwalwata, gefen hagu, daura da kunne. Likita ya ce irin wannan aiki ake yi masa. Yayana ya sayar da filinsa na Rigasa, dangi suka yi karo-karo, muka tafi Indiya. Yau wata tara cif ban faɗi ba ko sau ɗaya. Alhamdu lillahi.

To ga abin da ya kawo ni. Tun da na dawo ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ina cikin magana sai kalma ta ɓace min. Shekaranjiya ina so in ce wa yarona ya miƙo min almakashi, ga shi nan ina kallonsa a kan tebur, amma sunan ya ƙi zuwa, sai da na yi masa nuni da yatsu biyu kamar bebe. Yaran shago suka yi dariya, ni ma na taya su, amma da na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. Gajiya kuwa kamar wanda ya yini yana dako. Wani lokaci haka kawai sai in ji hawaye. Hajiyarmu har yau ba ta yarda in sa sakata a banɗaki, in na daɗe kaɗan sai ta ƙwanƙwasa. Yaya kuma cewa yake na warke, in tashi in nemi na kaina, in yi aure.

Akwai wanda aka yi wa irin wannan aikin, ko wani nasa? Haka abin yake, ko ni ne mai butulci? Kuma yaushe mutum zai ajiye magani, ya hau babur ɗinsa kamar kowa?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Allah sarki. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

AbuHanifa_Malali: Amin. Ban taɓa sanin ana yi wa farfaɗiya tiyata ba wallahi, yau na fara ji.

Baban_Khalifa: Malam Bashir, kada ka ji haushina, gaskiya zan faɗa maka. Shekara 18 kana faɗuwa a titi, yau Allah Ya ɗauke maka, kuma ka zo kana kukan ka manta sunan almakashi? Ni da ba a taɓa buɗe min kai ba sai in manta inda na ajiye makullin mota. Ka yawaita godiya, ka kama sana'arka. Zaman tunani ne yake kawo maka wannan.

Ummu_Sadiq: Baban Khalifa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bashir ƙanena, ba butulci ba ne. Ni an yi min a Masar, shekara huɗu ke nan, gefen dama. Bari in ba ka nawa.

Na fara tun ina aji biyu a sakandare, aka cire ni daga makaranta. Daga ranar ban sake fita ni kaɗai ba. Ban taɓa hura wuta ba sai da wani a kusa, ban taɓa goya ɗana ba, ƙanwar mijina ce ta goye shi. Da aka yi aiki na dawo, kowa murna yake, ana ta zuwa barka, ni kuma tsoro ne ya cika ni, don ban san yadda lafiyayyu suke rayuwa ba. Ranar da na fara cewa zan je kasuwa ni kaɗai, na hau keke daga Unguwar Dosa har bakin Kasuwar Gumi, na sauka, na tsaya ina kallon mutane suna shiga suna fita. Kuɗin atamfa na hannuna a dunƙule har sun jiƙe da gumi. Ban iya shiga ba. Na tare wani keken na koma gida, na ce wa maigida ban samu kalar da nake so ba. Mace mai shekara 33 fa.

Ciwon nan, duk muninsa, shi ne ya zama sunana da uzurina. In ban yi abu ba, an san dalili. Da ya tafi sai aka wayi gari ana jiran in zama matar gida cikakkiya cikin dare ɗaya. Na fi shekara kafin na ji ƙafata ta taka ƙasa. Ka yi wa kanka uzuri.

Bashir_Tela: Anti Ummu Sadiq, wallahi kamar kin shiga zuciyata. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Ɗan_Panteka: Ni fa tambaya gare ni, kada a ce na kawo shirme. Mu mun taso muna ji ana cewa iska ce. To in aljani ne, wuƙar likita ce ta yanke shi?

Likita_AY: Salamu alaikum. Ni likita ne amma ba na ƙwaƙwalwa ba, saboda haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitanka ba, Malam Bashir. Amma duk abin da ka lissafa sananne ne.

Wurin da aka yi maka aiki, wato ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tsakanin ido da kunne, a cikinsa akwai wani ɗan yanki da ake kira hifokamfus, shi ne kamar ma'ajin da sabon abu yake fara shiga kafin ya zauna a kai. A wurin yawancin mutane, harshe da sunayen abubuwa a gefen hagu suke. Shi ya sa wanda aka yi wa na hagu yakan yi fama da laluben suna, musamman sunan abu da na mutum, alhali ya san abin sarai. Ita Ummu Sadiq da aka yi wa na dama da wuya ta yi wannan kukan. Wasu yakan ragu musu a hankali, wasu kuma wani abu yakan saura, sai dai a koyi dabarar zama da shi. Ba hankalinka ne ya taɓu ba, kuma gwanintar hannunka tana nan.

Maganar hawaye kuwa, kada a raina ta. Ciwon damuwa yakan biyo bayan wannan aikin, musamman a watannin farko, har ga waɗanda faɗuwa ta tsaya musu cak. Sannan shi Keppra an san shi da sa wasu saurin fushi da ƙuncin rai. Ka faɗa wa likitanka ƙarara, kada ka ce masa "da sauƙi" irin ta Bahaushe. In kuwa ka taɓa jin tunanin gara ma ka bar duniya, to wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, ranar za ka je.

Abin da Ummu Sadiq ta ba da labari ma har suna gare shi. Masu bincike a Melbon ta Ostareliya ne suka bi waɗanda aka yi wa aikin, suka ga yadda samun lafiyar kansa yake zame wa wasu kaya, shi da iyalansu, suka sa masa suna mai ma'anar nauyin zama lafiyayye.

Baban_Khalifa: Nauyin zama lafiyayye! Turawa ba su da dama. Allah Ya ɗora mana irin wannan nauyin.

Nas_Hadiza: Baban Khalifa a yi haƙuri mana. Mutum ya zo da damuwarsa.

Malam_Kawo: Game da tambayar Ɗan Panteka. Malamai tun da can ba su ce duk farfaɗiya aljani ba ce. Ibnul Ƙayyim ya kasa ta biyu, akwai ta shafar aljanu, akwai wadda daga jiki take, kuma ita ta biyun ya ce fagen likitoci ce. Wanda aka ga tabo a ƙwaƙwalwarsa da ido, aka cire, faɗuwa ta tsaya, ai magana ta ƙare. Addu'a kuwa ba ta hana magani, magani bai hana addu'a.

Sannan Malam Bashir, ka tuna hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, na baiwar Allah nan baƙar fata da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tsiraicinta yana buɗewa. Ya ba ta zaɓi, ko ta yi haƙuri ta samu Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta ce ya roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, ya kuwa roƙa mata. Ka lura, matar da aka yi wa albishir da Aljanna ma ta faɗi abin da ke damunta. Faɗin damuwa don neman mafita ba butulci ba ne.

Ɗan_Panteka: Allah gafarta Malam na gamsu rabi. Don ni da idona na ga wanda aka yi wa karatu ya tashi.

Nas_Hadiza: Ɗan Panteka, ko ba a yi karatu ba, yawancin faɗuwa da kanta take tsayawa cikin minti biyu zuwa uku. Shi ya sa duk abin da aka yi a lokacin, ko albasa aka shaƙa masa, sai a ce shi ne ya yi aiki. Tunda an zo nan bari in roƙi 'yan zaure: don Allah a daina cusa cokali a bakin mai farfaɗiya. Na ga haƙoran da aka karya, na ga yatsan da aka cije har ƙashi. Ba ya haɗiye harshensa. A janye abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko manja. A duba agogo. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti.

Ladi_SabonTasha: Sista Hadiza na gode da wannan. Ɗana yana da shi, ba a yi masa aiki ba, magani ya riƙe shi. Ranar da ya faɗi a makaranta, yara da malamai duk suka watse wai kada yawunsa ya taɓa su. Mai gadi ne kaɗai ya tsaya a kansa. Har yau akwai maƙwabciyar da ba ta bari 'ya'yanta su sha ruwa a kofinmu. A coci ma sai da fasto ya yi magana a kai. Ba a ɗauka! Ko a yawu, ko a numfashi, ko a kwano.

Likita_AY: Haka ne Madam Ladi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Ɗanki yana cikinsu. Shi aiki ana yin sa ne ga waɗanda aka gwada wa magunguna biyu da suka dace, yadda ya kamata, abin ya ƙi, kuma aka gano takamaiman inda ciwon yake tasowa a ƙwaƙwalwa. Kada kowa ya karanta labarin Malam Bashir ya je ya sayar da fili bai ga likitan jijiya da ƙwaƙwalwa ba. Akwai su a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. A nan yankin namu ma sau da yawa abin da ke barin tabon sananne ne: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, doguwar naƙuda, jijjiga mai tsawo lokacin yarinta, faɗuwa a babur ba hular kwano.

Bashir_Tela: Likita, Hajiya ta ce ina ɗan shekara biyu na yi zazzaɓi da jijjiga ta kusan awa guda. Likitan Indiya ma sai da ya tambayi wannan.

To maganar ajiye magani fa? Gaskiya kuɗinsa ya fara fin ƙarfina. Tun da naira ta faɗi a 2023 kullum ƙara masa ake yi, kuma kunya nake ji in sake zuwa wurin Yaya.

Ummu_Sadiq: Bashir, na roƙe ka don girman Allah kada ka taɓa. Ni na yi wannan wautar. Shekara ɗaya da wata biyu ban faɗi ba, na ce ai na warke, me zan yi da ƙwaya. Ban faɗa wa kowa ba na daina. Kwana tara aka yi. Ina suyar ƙosai da safe, na ji abin nan da na sani yana taso min daga ciki zuwa maƙogwaro, kafin in matsa daga wuta shi ke nan. Hannuna na hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa man ne ya wanke shi. Tabon yana nan, in na zo ɗaura zani kullum sai na gan shi. Aka mayar da ni kan magani, daga nan zuwa yau shiru. Yanzu ƙwaya ɗaya ce ta rage, likita ne ya riƙa ragewa da kansa kaɗan-kaɗan.

Famasis_Nura: Abin da ta faɗa shi ne. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, wadda take kisa. Yawanci ba a ma fara zancen ragewa sai an shekara ɗaya ko biyu ba faɗuwa, wasu kuma za su ci gaba da sha har abada, kuma wannan ba ya nufin aikin bai yi ba. Batun tsada: Keppra sunan kamfani ne, sunan maganin levetiracetam, kamar yadda Tegretol yake carbamazepine. Akwai na wasu kamfanoni masu rahusa. Ka tambayi likitanka ko zai mayar da kai kan ɗaya, in an mayar da kai kuma ka tsaya a kansa, kada yau wannan gobe wancan. Ka duba lambar NAFDAC, ka saya a famasi mai rajista, ba a tire ko bakin tasha ba.

Maganin_Gado_Sahihi: *An goge wannan saƙo.*

Shugaban_Zaure: Na goge tallar da aka sa yanzu. Duk wanda ya sake kawo mana "warkewa cikin kwana bakwai" da lambar waya, waje zai yi. A ci gaba.

Likita_AY: Don a san inda aka tsaya: a 2001 an buga wani bincike da aka yi a Kanada kan mutum 80 masu irin ciwon Malam Bashir. Aka kasa su biyu, rabi aiki, rabi magani kaɗai. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki ba su sake faɗuwar da ke gusar da hankali ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8 ne kacal. Bambancin babba ne. Amma da aka bi waɗanda aka yi wa aiki a Landan shekaru masu yawa, sai aka ga bayan shekara goma wajen rabi ne ba su sake faɗuwa ba. Saboda haka wata tara alama ce mai kyau ƙwarai, amma ba lokacin sakin jiki ba ne. Rashin barci da tsallake magani su ne manyan masu tayar da ita. Na san halin teloli in Sallah ta matso.

Bashir_Tela: Likita ka kama ni. Kwanan shago ai shi ne sana'ar.

Acaba_Rigasa: Maganar babur kuwa, ni ina da abokin da yake da ita kuma yana hawa, shekara nawa ba abin da ya same shi. In ya ji za ta zo sai ya faka. Komai nufin Allah ne.

Nas_Hadiza: Subhanallahi. Har da fasinja yake ɗauka? Ka ce masa ya ji tsoron Allah. Ba kullum take sallama ba.

Likita_AY: A Ingila sai mutum ya shekara cur bai faɗi ba kafin a bar shi ya tuƙa motar kansa, ta haya kuwa sharaɗin ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Babur ya fi mota haɗari. Akwai kuma wani abu, Malam Bashir: tun da aka yi aikin, kana yawan buga kai a abin da ke sama ta hannun dama?

Bashir_Tela: Ikon Allah. Likita wa ya faɗa maka? Sau uku ina buga goshi a ƙarfen keke in zan shiga, ga kuma wata kanta a shago da muke jera zare. Na ɗauka rashin kula ne.

Likita_AY: Jijiyoyin gani suna ratsawa ta wurin da aka yi aikin. In an taɓa su a hagu, sai mutum ya rasa ganin wani yanki na sama ta dama a idanu biyun, kuma sau da yawa bai ma sani ba. Ka je Asibitin Ido na Ƙasa da ke hanyar Mando a auna maka faɗin ganinka. Kafin nan ka bar babur ya huta.

Hajjo_UnguwarRimi: Ni dai maganar auren ce ta tsaya min. Bashir akwai wadda ake nema ne? In akwai, shawarata kada ka tona. Ka warke, ka sa hularka, wa zai ga ɗinki? Mutanenmu in suka ji kalmar nan ko sadaki an biya sai sun mayar.

Bashir_Tela: Akwai, Hajiya. 'Yar Kinkinau ce. Ita ta sani, iyayenta ne ba su sani ba. An ce musu na je Indiya ne saboda ciwon kai.

Malam_Kawo: Hajiya Hajjo, a nan ban bi ki ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutumin da yake shan magani safe da yamma, yaya zai ɓoye? Kuma in aka yi bincike a Tudun Wada, wa bai san shi ba? Gara su ji daga bakin manyansa, da takardar likita a hannu, da su ji a bakin 'yan gulma.

Hajjo_UnguwarRimi: Malam, kai kana faɗin yadda ya kamata, ni ina faɗin yadda ake yi. 'Yar ƙanwata sau biyu ana fasa aurenta saboda gaskiyar nan. Tana nan a gida, shekararta 34.

Ladi_SabonTasha: Abin da ke hana ni barci ke nan game da ɗana. Amma duk da haka ni zan faɗa.

Maman_Ilham: Abin da za su fara tambaya shi ne ko ana gado. Likita?

Likita_AY: Akwai nau'in da ke bin jini, amma mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa yin ta, kuma tabo irin na Malam Bashir ba abin da ake ba ɗa ba ne kamar sikila. Mata ne ke da abin lura na musamman: Epilim, wato valproate, yana iya yi wa ɗan tayi illa, carbamazepine kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Duk mai shan su da ke shirin aure ko ciki ta ga likita tun kafin, kada kuma ta daina da kanta.

Sadiya_KASU: Tambaya a gefe, afuwan. Mai shan irin wannan magani zai iya azumi?

Malam_Kawo: Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar, to a bi. Wasu kuma likita yakan daidaita musu shan maganin da sahur da buɗa-baki. Ba hukunci ɗaya ba ne ga kowa.

Ummu_Sadiq: Ni shekarar farko ban yi ba, ina kuka ina cin abinci a ɓoye. Yanzu ina yi, amma tahajjud na goman ƙarshe a gida nake ɗan yin abin da ya sawwaƙa in kwanta. Sujada ma watannin farko a zaune nake yi, in na sunkuya sai in ji kamar kan zai zube. Bashir, kai muƙamuƙinka bai riƙe ba? Ni na yi wata uku ban iya buɗe baki in ci tsire ba.

Bashir_Tela: Ya riƙe sosai! Likitan ya ce naman da ke motsa muƙamuƙi ake ratsawa kafin a kai ga ƙashi. Yanzu ya saki. Wurin ɗinkin ne dai har yau in mai aski ya zo kansa ba na jin komai, kamar kan wani yake askewa.

Injiniya_Mando: Na karanta duka, kuma ina so in ce wani abu a madadin Yayan Bashir, tunda ba ya nan. Ni ne babba a gidanmu, ƙanena ya yi shekara 11 yana jinya, ba farfaɗiya ba, ƙoda. Wanda ya sayar da filinsa ba ƙiyayya ce ta sa yake cewa ka tashi ba. Shi ma ya gaji. Shekara 18 duk inda yake in waya ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake. Yana so ya ga ranar da zai ajiye kayan nan, kuma wataƙila matarsa tana yi masa gorin filin. Ita kuma Hajiya, shekara 18 kunnenta yana ƙofar banɗaki, kana so ta daina cikin wata tara? Ku uku duka aka yi wa aikin nan, kai kaɗai aka yanka. Ka tafi da su wurin likita su ji da kunnensu.

Baban_Khalifa: Yauwa Injiniya. Abin da nake nufi ke nan tun farko, bakina ne bai iya faɗa ba. Amma ina nan a kan bakana, aiki shi ne maganin tunani.

Ummu_Sadiq: Aiki yana taimakawa, ban musa ba. Amma ni sai da na je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa aka saurare ni, aka ɗora ni kan maganin damuwa na wasu watanni. Na ɓoye wa kowa don kada a ce abin ya koma hauka. Yau ga shi na faɗa a zaure.

Hajjo_UnguwarRimi: To ka ji. Farfaɗiya, ga Barnawa kuma. Bashir, in ka je can ma kada surukai su ji.

Nas_Hadiza: Hajiya, asibiti ne fa kamar kowane.

Bashir_Tela: Salam. Kwana biyar ban leƙo ba, ku yi haƙuri. Na je Mando, an auna, Likita gaskiyarka, akwai yankin da ba na gani ta sama a dama. Babur na ba ƙanena yana kai ni shago. Na nuna wa Yaya abin da Injiniya ya rubuta. Ya karanta, ya yi shiru, can ya ce ranar Talata zai raka ni Shika, shi zai tuƙa. Bai ce komai a kan maganar aure ba, ni ma ban tayar ba, don har yanzu ban san wanda zan bi ba tsakanin Malam da Hajiya Hajjo. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta sunan mai kaya da kalar yadinsa, jiya ya fitar da ni kunya sau biyu. Hawayen dai suna nan, zan faɗa wa likita. Hajiyarmu kuwa ta ce duk abin da mutanen waya za su ce su ce, ita sakata ba za a sa ba.

Ɗan_Panteka: Wannan kuma fannina ne. Akwai sakatar da ake ƙerawa, kana rufewa ta ciki, amma ana iya buɗe ta ta waje da kan cokali. Ka auno min kaurin ƙofar, in katako ce ko ƙarfe, ka aiko yaronka gobe kafin azahar. Kyauta. Cokalin nan da Nas ta hana a sa a baki, ga inda zai yi amfani.

Nas_Hadiza: Na yarda da wannan cokalin. A tabbatar ƙofar waje take buɗewa, ba ciki ba.

Baban_Khalifa: Malam Bashir, ina da shadda yadi goma tun bara. Nawa kake ɗinka babbar riga da 'yar ciki? Ka rubuta sunana a littafin, amma ban ce ka kwana a shago ba.